Tawadar Kaka da Wasiƙar Dogo

"Lafiya lau, Angona. Ya ƙarfin jiki, in da saura?"

"Yana nan inda kika bar shi wata biyu da suka wuce. Shigo ki turo min ƙofar. Matar da sai an yi mata waya sau uku take tuna tana da miji, wai ita ce mai tambayar jiki."

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta miƙe ta ajiye jakarta a kan kujera. Jikarsa ce ta fari, 'yar babban ɗansa, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Tun tana rarrafe yake kiranta Amarya, ita ma tun da bakinta ya buɗe take ce masa Ango, kuma har yau da ta doshi talatin babu wanda ya saki wani. Shi kuwa shekara talatin da huɗu ya yi yana rubuta shari'a a kotu, shi ya sa ko bayan ritaya unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Magatakarda.

Safiyar Asabar ce, hasken taga ya sauka a kan teburinsa. Ga kwalbar tawada mai kusurwa huɗu, ga baƙin alƙalaminsa irin wanda ake ɗura wa tawada, ga tulin farar takarda. Kwandon da ke ƙarƙashin teburin ya cika da takardun da aka dunƙule.

Ta san dalilin kiran. Kakan yana da aboki tun na makarantar kwana, ana ce masa Dogo, wanda aikin jirgin ƙasa ya kai wani gari mai nisa ya zauna can. Shekara arba'in da shida suna musayar wasiƙa, kusan duk wata. Kunnen Dogo ya mutu tuntuni, waya ba ta da amfani a wurinsa. To, wasiƙu uku ke nan Dogo ya aiko ba a ba shi amsa ba. Ranar Alhamis 'yar Dogo ta kira ta ce mahaifinta yana kwance, ya daina cin abinci sosai, kuma kullum da safe tambayarsa ɗaya ce: an kawo takarda? Da aka tambayi Magatakarda abin da ya hana shi rubutu, sai ya ce tawada ce ta yi kauri, alƙalami ya ƙi tafiya, a kira masa Amarya ta zo da kayan asibitinta.

Ta buɗe kwalbar ta ɗaga ta a haske. Tawadar ruwan ƙasa ce mai duhu, ta ƙafe ta koma ƙasa da rabi, har ta kusa zama baƙa. Ya ce ta je famfo ta cika kwalbar kawai a huta.

"Ruwan famfo? A kwalbar gaba ɗaya? Shi ya sa shari'o'in da ka rubuta duk aka ɗaukaka ƙara."

"Ko ɗaya ba a taɓa dawo min da ita ba. Ke fa? Na ji an ce wani ya kawo miki jini kika ce masa yana da ciki, ga gemunsa har ƙirji."

"Shi ma ya yarda. Ya ce tunda ni na faɗa."

Ta fito da sirinji, da 'yar robar tataccen ruwa, da ƙananan kwalabe biyar irin na gwaji. Ta ce ba za ta taɓa uwar kwalbar ba, domin in ruwa ya shiga ba ya fita. Ta fara wanke alƙalamin a kofi, tana zuƙo ruwa tana fesarwa har ya dawo fari. Ya ce da haka take wanke masa riga da ya san ya yi aure. Ta ce rigar da ta girme ta ba wanki take nema ba, addu'a take nema.

Ta zuƙi tawada ta raba a kwalaben. Ta farko ta bar ta yadda take. Ta biyu ta sa mata ɗigon ruwa biyu, ta uku huɗu, haka har ta biyar, wadda ruwa ya kusa kai rabinta. Ta tsoma bakin alƙalamin a ta farko ta rubuta layi ɗaya, ta sa masa lamba a gefe.

A nan ta ɗan tsaya. Alƙalamin bai ƙi tafiya ba. Ya ɗan ja ƙafa, rubutun ya fito da nauyi, kuma da ta ƙirga ashirin ta goga ɗan yatsa sai ya dame. Amma ya rubutu. Ta goge bakin alƙalamin ta ci gaba. Layi na biyu ya tafi sumul, duhunsa na nan, ya bushe kafin ta kai goma. Na uku ya buɗe ya zama kamar shayin da ya dahu sosai. Na huɗu ya fara haske. Na biyar kuwa ya tsinke, ya yi naso a takarda, gefen haruffan ya yi gashi-gashi.

Ta tura takardar gabansa ta ce ya zaɓa, ai shi ne mai gida.

Ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa. Ya ce duk ta cika musu ruwa, hannunta ba shi da awo, dama tun tana yarinya haka take dama masa shayi. Ta ce to ya nuna wanda ya fi dama. Ya ɗaga ɗan yatsa, ya yi shawagi da shi a kan takardar, sannan ya dire.

"Wannan. Shi ne ya ɗan yi kama da tawada."

Yatsan nasa ya sauka ne ƙasa da layi na biyar, a inda babu komai sai farar takarda.

Ta dubi yatsan, ta dubi fuskarsa. Ta sunkuya ta ɗauko ɗaya daga takardun kwandon ta warware. Rubutunsa ne, wanda a da ake kawo wa yara su kwaikwaya. Layi ya hau kan layi, kalmomi sun gangara sun faɗa bakin takarda. Ta warware ta biyu, ta uku, duk haka, kuma babu wadda ta wuce gaisuwa. Jin ƙarar takardun ya sa ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"Kaka," in ji ta. Rabon da ta kira shi haka har ta manta. "Tun yaushe?"

Bai yi musu ba. Ya ce tun bara ya fara ganin kamar hayaƙi, ya ɗauka tabarau ne, ya goge har ya gaji. Yanzu fuskar mutum sai ya matso, rubutu kuwa inuwa kawai yake gani. Hanyar masallaci da ta mai shayi ƙafarsa ta haddace, shi ya sa babu wanda ya lura. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ya san ubanta: ranar da ya ji, ranar zai kwashe shi daga ɗakin nan ya kai shi gidansa, a zaunar da shi a falo kamar tsohon agogo. Sannan ya ƙara da cewa kakarta ma da ƙafarta ta shiga asibiti, aka ce ƙaramin aiki ne, ba ta fito da rai ba.

Ta ja aljihun teburin ta ga wasiƙun Dogo uku. An farke ambulan ɗin, takardun sun yi laushi don yawan riƙewa. Ta gane bai san abin da ke cikinsu ba. Ba ta nemi izini ba, ta zauna a hannun kujerarsa ta karanta masa. Ta farko labarin ƙafa ce da ta kumbura da tsiyar wani sabon maƙwabci mai kiwon zakaru. Ta biyu ta fi gajarta. Ta ukun layi huɗu ce, rubutun yana rawa, ƙarshenta ya ce: "In fushi kake yi da ni, ka rubuto ka zage ni, zan karanta. Shirun nan ne ba na iyawa."

Magatakarda ya cire tabarau ya riƙe a hannu. A waje wani mai gyaran takalma ya wuce yana buga akwatinsa.

Ta ce ya faɗa ta rubuta masa. Ya girgiza kai.

"In ya ga hannun wani, zai ce na mutu ana ɓoye masa. Kuma rubutunki, Amarya, ko mai lafiya ya gani sai ya kwanta."

"Naka na yanzu fa? Kamar an saki tururuwa a tawada."

"Tururuwar ma tawa ce. Ya san ta."

Sai ta koma kan kwalaben. Ta farko ta fi duhu, amma ba ta bushewa da wuri, hannunsa zai bi ta kai ya shafe. Daga ta uku zuwa ƙasa ba zai ga ko inuwarsu ba. Ta ɗura masa ta biyu a alƙalamin. Ta juya teburin kaɗan yadda hasken zai faɗo ta bayansa, ta ɗauko rula ta danne a kan takarda, ta kama hannunsa ta ɗora bakin alƙalamin a saman rular. Ta ce ya rubuta manya-manya, in ya kusa baki za ta ce masa ya tsaya.

Layi bakwai suka ɗauke su kusan awa guda. Duk layin da ya ƙare sai ta ƙirga goma, ta sauke rular ƙasa. Bai ɓoye mata abin da yake rubutawa ba, yana yi yana faɗa a hankali. Ya gaishe da Dogo da tsohon sunan tsokanar da suke kiran juna a makaranta. Ya ce ba fushi ba ne, ido ne, kunya ta hana shi faɗa. Ya ce yau aka karanta masa wasiƙun uku. Ya ce ya ci abinci, don Allah, ko cokali biyu ne. Wajen sa hannu ya ce ta ɗauke rular, wannan ba ya bukatar ido.

Ta busa takardar ta ninke ta sa a ambulan, sai ta jefa a jakarta ta ja zif. Ta ce akwai direban da zai tafi garin su Dogo gobe da sassafe, za ta ba shi hannu da hannu, amma da sharaɗi: ranar Laraba za ta zo ta kai shi wurin likitan ido.

"Shekara talatin da huɗu ina kotu, ban taɓa ganin an yi garkuwa da wasiƙa ba."

"Ka kai ƙara. Ka rubuta da hannunka."

"Ubanki fa?"

"Ni zan gaya masa, kuma ni zan gaya masa ba inda za ka. Mijina ne, ba a kwashe min shi ba da sanina ba."

Ya ce zai yi tunani. Ta ce ya yi, Laraba ƙarfe takwas.

Ranar Laraba ta same shi a shirye tun bakwai da rabi, yana cewa shi ba don ita ya sa hula ba. Likita ya haska idon, ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, ta dama ta fi nuna, kuma ana cirewa mutum ya koma gida a ranar. Ya ce su dawo bayan mako biyu a yi aikin. Suna zaune a benci suna jiran takardar magani wayarta ta yi ƙara. 'Yar Dogo ce. Amarya ta saurara, ta yi godiya, ta yi addu'a, ta kashe.

Ta gaya masa yadda aka gaya mata, ba ta rage ba. Wasiƙa ta isa ranar Litinin. Dogo ya karanta da kansa, ko tabarau bai nema ba saboda girman rubutun, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sha kunu rabin kofi. Ya ce a gaya wa Magatakarda ya koma aji ɗaya, kuma a tambaye shi wane mara tsoron Allah ne ya sirka masa tawada. Takardar tana ƙarƙashin matashinsa. Amma likitocin can sun ce a yi ta addu'a, kwanaki ne.

Tsohon ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi. Da ya ɗago sai ya ce mako biyu ya yi wa Dogo nisa, ba za a jira ido ba. Ya ce yau za a sake rubutawa, gobe ma haka, kullum, kuma layi bakwai ba sa isar abin da ke bakinsa. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro alƙalamin, ya laluba hannunta ya danƙa mata.

"Tunda ya san ina da rai, ke za ki riƙa rubutawa, ni in sa hannu."

"Rubutun nawa da ke kwantar da mai lafiya?"

"Dogo a kwance yake, ba abin da za ki ƙara masa." Ya yi 'yar dariya, ya share gefen ido da bakin hannun riga. "Kin ci, Amarya. Tashi ki kai mijinki gida, akwai aiki."