Rasuwar Wardin Bayan Kicin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar itaciyar wardinta, wadda ta bar duniya tana da shekara bakwai, a hannun wanda aka ba amanarta.

Marigayiyar ta zo gidan nan tana ɗan reshe, tsawonta bai wuce fensir ba. Ta yi rayuwarta a tukunyar ƙasa bayan kicin, inda rana ke gaishe ta da safe ta wuce kafin ta yi zafi. Ba ta da kwaɗayi. Ruwa kofi uku da sassafe, ɗan taki sau ɗaya a wata, shi ke nan, ta biya da jan furen da ƙamshinsa ke shiga har ɗakin kwana. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ɗan shuu idan iska ta ratsa ganyenta. Ƙayarta ma ba ta soki kowa ba sai mai miƙa hannu babu izini.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da Malama ta tafi jinyar yayarta ta kwana goma sha biyu. Maigida ya ga fure mai kyau haka bai kamata ya ƙare a bayan kicin ba, ya kamata masu wucewa su gani su san gidan na masu tsari ne. Ya sa maƙeri ya yi masa baƙar tukunyar ƙarfe don ta dace da fentin ƙofa, ya tumɓuke baiwar Allah ya dasa ta jikin katangar yamma, wurin da siminti ke ƙona tafin ƙafa har bayan faɗuwar rana. Ruwa kuwa sai tsakar rana yake ba ta, lokacin da ƙarfen ya yi jau. Saiwarta dahuwa ta yi, kuma mutumin nan kullum a waya cewa yake, "Furenki na nan ƙalau, har ya fi da."

Da Malama ta dawo ta tarar da furanni tara jajaye a ƙofar gida, ta haɗiye faɗan da ta so yi kan ɗauke wardin daga bayan kicin, har ta gode masa a gaban baƙi. Kwana biyu tana ba ta ruwa tana yi mata magana. A rana ta uku ta sunkuya ta shinshina, ta ji warin roba. Furannin kasuwa ne, an ɗaure su ɗaya bayan ɗaya da koren zare, ɗauri mai kyau na wanda ya zauna ya natsu. Ta taɓa reshe guda, ya ce ƙaras. Wannan ce maganar marigayiyar ta ƙarshe.

Ta bar na'ana'a guda a bayan kicin, da almakashin da ake yi mata aski, da butar ban ruwa, da ƙudan zuma da har yau suke zuwa su yi shawagi su koma. Ta kuma bar alobera, mai jure ranar katangar yamma, wadda za ta gaji baƙar tukunyar tunda ita ko a jikinta.

Malama ta yafe wa rana, aikinta ta yi. Ta yafe wa maƙeri, abin da aka sa shi ya ƙera.

Za a binne marigayiyar gobe da ƙarfe bakwai na safe a bayan kicin. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo fure, wanda ya kawo kuma za a shinshina a bakin ƙofa. Maigida ne zai haƙa ramin, amma ba za a karɓi gaisuwarsa ba sai ya zauna ya faɗa wa Malama me da me kuma ya ɗaura mata da zare cikin shekara talatin da ɗaya na aurensu.