Yadda Na Tallata Kamiyon Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da ranar da na miƙe gaban 'yan kasuwar Madarumfa zan koya musu tattalin arziki.

Ina da ɗan situdiyo na ɗaukar murya a bayan kasuwa, ɗaki guda da na liƙe bangonsa da tsofaffin katifu, ina ba da shi haya awa-awa. Ni ban iya na'urar ba. Abokin aikina Ila ke zama da masu ɗauka, ni kuwa ina lambuna a bakin tabki, sai da yamma in leƙo in ji ko an samu mutane.

Da tafiya ta yi tafiya na lura da wani abu. In damina ta yi kyau, gero ya cika rumbu, aure yakan yawaita, kowane ango yana so a yi wa amaryarsa waƙa da sunanta. In kuwa cinikin hanyar kan iyaka ta Ɗan Issa ya mutu, ɗakin sai gizo-gizo. Shi ke nan na naɗa wa kaina rawanin masani. Duk majalisar da na zauna sai na ce, "Mai son sanin ko akwai kuɗi a gari ya dubi ƙofar situdiyona." (Matata Rabi ta ce da farko dariya ake yi, daga baya aka koma tashi.)

To, a wata shekara kowa kuka yake kasuwa ta tsaya, amma ɗakina bai taɓa cika irin lokacin ba. Har layi ake yi. Ban tambayi Ila me ake ɗauka ba, tunda ai na riga na sani.

Sai 'yan kasuwa suka kira taro, wani baƙo daga Maradi ya zo jin kokensu. A wurina aka ɗauki hayar lasifika. Kowa ya tashi ya faɗi damuwarsa, ina gefe abin yana cina. A sahun gaba ga surukina Alhaji Mati, mahaifin Rabi, mai kamiyo, babbar motar jigilar hatsi, dattijon da ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Da aka tambaya ko akwai mai ƙarin bayani, na cafe makirufo.

"Jama'a, mu ji tsoron Allah. Akwai kuɗi a garin nan! Mai jin yunwa ba ya hayar situdiyo. Bari ku ji da kunnenku irin shagalin da ake yi."

Na zaro katin memori da Ila ke tara aikin mako a ciki, na sa a na'urar lasifikar, na ƙure sauti, na harɗe hannu ina jiran kiɗa.

Babu kiɗa. Muryar wata mata ce tana tallar keken ɗinkinta, ta karya farashi. Na yi maza na tsallake. Wani yana sayar da kwalekwale da komarsa ta kamun kifi. Ashe duk layin nan masu rabuwa da kayansu ne, suna ɗaukar sanarwar da za su tura ta waya. Maimakon in kashe (har yau ban san me ya hau kaina ba) na sake dannawa, wai ko a dace da waƙa.

"Assalamu alaikum. Akwai kamiyo na sayarwa, lafiyarshi lau. Don Allah a kira a asirce, ko iyalina ba su sani ba."

Babu wanda bai gane muryar ba. Duk ido ya koma kan surukina. Na shiga lalubar makunni in kashe.

Alhaji Mati ya gyara hularsa a hankali, bai ko dube ni ba.

"Ƙyale shi ya kai ƙarshe, ɗana. Tunda ka tara mini mutane, su ji lambar wayar."

Dariya ta ɓarke, har baƙon. Ni kaɗai na rasa inda zan sa fuskata.

Kamiyon dai bai saidu ba, don 'yan uwansa da suka ji sun taru sun tallafa masa. Rabi ta yi kuka, sannan ta daina yi mini magana har sai da na ɗauki kwandon tumatir na je na durƙusa gaban mahaifinta. Abin da ya ce kawai, "Allah shi ƙara ilimi."

Tun daga ranar, in na ga taro a ƙofar wani gida, sai na tambaya biki ne ko zaman makoki kafin in ce barka.