Hancin Mai Jego

Shekarunsa saba'in da tara, arba'in daga ciki a kan tsani ya yi su, yana yi wa gidajen mutane fenti. Da ya ji jikarsa mai jego za ta shafe ɗakin jaririnta, sai ga shi da bokitai uku, kowanne a rufe ruf.

"…lafiya lau, tsoho. Lefen nawa ke nan, bokitai?"

"Ke da Allah gafara, amarya. Ina fentin da kika saya?"

Ta nuna gwangwanin fentin mai. "Ga shi. Ƙyalli kamar madubi."

"Kyan ɗan maciji! Wannan sai ya yi sati uku yana tashi a ɗaki. Ƙirjin ɗan wata biyu za ki ɗura wa?"

"Ji mai maganar wari! Kai da rigarka ta kama wuta, sai da maƙwabta suka gaya maka?"

"Na ji, ƙyale ta na yi."

"Hancin nan ai ado ne kawai, wurin ɗora tabarau."

Tsohon ya taɓa hancin, bai musa ba. Ya daɗe da daina jin ƙanshi, har na turaren marigayiya matarsa.

"Irin wannan gwangwanin ne ya cinye shi. Ya ci nawa, ba zai ci na tattaɓa-kunnena ba. Shekaranjiya na shafa wa katako uku fenti iri uku, na rufe su a bokitan nan. Ba hancin da ya kai na mai jego. Buɗe ki sansana."

Ta buɗe na farko, ta yi atishawa. "Kashe ni za ka yi ka ci gado?"

"Gadon me, tsummokaran goyo? Irin naki ne wannan."

Na biyu ya sa ta yamutsa fuska. A na uku ta tura kai ciki, ta daɗe.

"Ba komai a nan. Ka manta ba ka shafa ba."

Ya zaro katakon, fari fat. "Fentin ruwa, mara wari. Duk da haka ku tare a ɗakina kwana uku, tagogi a buɗe."

Ta fashe da dariya. "Na sallama, angona. Tsohon doki mai sane!"

"Maimaita, kunnen ma ya fara tafiya."

Ta ɓoye tsanin gidan don kada ya hau. Washegari da safe ya ɗaura burushinsa a sandar tsintsiya, ya shafe bangon farko da fentin ruwan yana tsaye a ƙasa.