Jijiyar Gwiwa da Sandar Kaka

"...da gajiyar asibiti? Ko da yake wace gajiya, an ce kwanciya kawai ka yi aka tura ka cikin bututu kamar buhu."

"Lafiya lau, tsohuwa. Turo min kujerar nan."

Ƙanena ne ya shiga ɗakin Kaka yana ɗingishi, ni ina biye da shi da ƙaton ambulan na hoton sikanin gwiwarsa. Yaron nan da ƙwallo ya tashi, Guguwa ake ce masa a fili, kuma watan gobe wata babbar ƙungiya za ta gwada shi. Kaka kuwa tun ranar da aka haife shi ta ce mijinta ne, ban taɓa jin sun gaisa sun rabu lafiya ba.

"Miƙo hoton angon nawa in ga ko ya yi kyau." Ta ɗaga shi saitin taga.

"Kin juya shi, Kaka. Cinyar tana ƙasa."

"Kai ma ai a juye ka zo duniya. Ina fuskar? Wannan ƙashin ko kare aka ba sai ya yi shawara."

"Da idon naki da ba ya ganin kafar allura? Kawo. Wannan ƙashin cinya ne, wannan na ƙwauri. A tsakaninsu akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke riƙe gwiwa kada ta zame. Kin ga baƙin layin nan? Ta baya ce, lafiyarta ƙalau."

"Ta gaban fa?"

"A nan ya kamata a gan ta."

Inda ya ɗora yatsa babu layi, sai wani dishi-dishi kamar bakin igiyar shanya da ta tsinke. Kaka ta daɗe tana kallon wurin.

"Wato gurgu aka liƙa min," in ji ta. "Ni da manema ke layi a ƙofar gida."

"Waɗanda suka rage cikinsu ɗauko su ake yi."

"Duk da haka sun fi ka gudu yanzu."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ni kam haushin su biyun nake ji, da tausayinsu. Ranar da ya faɗi a fili ya ji ƙara ɓas a gwiwar, kafin ya iso gida ta kumbura suntum. Babanmu ya ce a tafi asibiti. Kaka ta ce raki ne, mijinta ba rago ba ne. Ta gasa masa ƙafar da ruwan zafi, ta cire ɗankwalin kanta ta ɗaure tamau. Shi kuma don kada ta yi masa gori, kumburin na saɓewa ya koma fili da ɗankwalin a ƙarƙashin safa, ya ci gaba da buga wasa.

Ta ajiye hoton a cinyarta.

"Likitan ya ce wani abu kan ɗankwalina?"

"Ya ce ba don shi ba da ƙafar ta cire gaba ɗaya. Yana ma nemanki aiki, sai dai na ce masa kin cika surutu."

Ƙarya yake yi. Ina zaune likitan ya ce jijiyar tun ranar farko ta tsinke, kuma ana gyara ta da tiyata. Komawar da ya yi fili ce ta yage guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, shi ya sa ba zai iya yi masa alkawarin ƙwallo ba. Gwajin watan gobe dai ya riga ya wuce shi.

Kaka ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin ambulan.

"Ko ƙarya ba ka iya ba," ta ce masa a hankali. "Da na bar ubanka ya kai ka."

"Da ni ma ban biye wa tsohuwa ba. Wa ya aike ni neman burge ki?"

Ta miƙe da ƙyar, ta laluba bayan ƙofa ta ɗauko sandar dogarawa. Shi ya sayo mata ita bara don tsokana, ta rantse ba za ta taɓa ta ba, ita ba tsohuwa ba ce. Ko ledar da ke jikin mariƙin ba a cire ba. Ta goge ƙurar da gefen zaninta ta miƙa masa.

"Ungo. Ashe kai ka san wa ka saya wa."

"Kin ci wannan, Kaka," ya ce yana dariya, idonsa ya yi ja.

"Aro ne, ba kyauta ba. Ka dawo min da ita a guje."

Ya dogara ya tashi. Sandar ta yi masa gajarta, don da tsawon Kaka ya auna lokacin da ya saya.