Rasuwar Mai Gadin Bututun Ɗakin Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da abin da ba a ambata a gaban manya, ni Ok Seung-rae, mazaunin ɗakin ƙasa a gidan Iya Pyo da ke unguwar Sillim, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai Gadi, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi yana bakin aikinsa. Ya rasu yana da shekara huɗu.

Da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba, don marigayin ba mai son fita ba ne. Ɗan ƙyaure ne na roba, bai fi tafin hannu ba, a cikin bututun da ke kwashe ruwan ɗakina da na famfon tsakar gida zuwa babbar kwatar titi. Mazauninsa wani rami ne mai murfi, dab da tagata. Aikinsa ɗaya ne: in ruwa zai fita ya buɗe masa, in kuwa damina ta cika kwatar gari, ƙazanta ta juyo tana neman hanyar komawa gidajen mutane, ya rufe. Na karanta labaran jarumai masu yawa da suka tare ƙofar gari su kaɗai, amma duk an yi musu waƙa, kuma babu ko ɗaya da aka tsayar a irin ƙofar da aka tsayar da shi.

Ma'aikatan ofishin gunduma ne suka kawo shi, bayan ambaliyar da ta cinye mini rabin littattafai. Ba su nemi komai ba sai amincewar mai gida. Iya Pyo ta ƙi. Ta ce duk mai sayen gida da ya ɗaga murfin nan ya gan shi, ya gane gidan yana shan ruwa. Sai da ta sauko ta tarar da littattafaina shanye a kan dakali kamar kifi, maƙwabta suna tsaye suna kallonta, sannan ta ce a saka, amma kada a gaya wa kowa. Haka marigayin ya shigo duniya, a ɓoye, kuma bai taɓa riƙe ta a ransa ba.

Mai haƙuri ne, marar surutu. A tsawon rayuwarsa kalma ɗaya aka ji daga bakinsa, ita ma sai ana ruwa kamar da bakin ƙwarya: ƙwas. Wanda bai taɓa zama inda taga take daidai da idon sawun masu wucewa ba, ba zai san daɗin wannan kalma ba. Ni kam na sha ajiye littafi in saurare ta, har idona ya kawo ruwa.

A gabansa na nemi auren Yeo Da-som. Bara ne, ana tsakar ruwa. Na shirya mata jawabi mai tsawo wanda ya ƙunshi wata, da teku, da tsuntsaye biyu masu ƙaura. Ina kan tsuntsu na farko sai muka ji ƙwas daga tsakar gida. Ta tambaye ni mene ne, na yi mata bayani, na koma kan tsuntsayen. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Yaya, bar tsuntsayen nan su huta,” in ji ta. “Na yarda. Gidan da ke da mai rufe ƙofa a kan lokaci, ana iya zama a cikinsa.”

Har yau ban ƙarasa jawabin ba. Marigayin ne ya ƙarasa mini shi.

Rashin lafiyarsa gajeruwa ce. Kamar kowace damina, ranar Lahadi Iya Pyo ta sauko da manyan robobinta ta wanke ganyen kimchi, wato kabejin da ake tsimawa da barkono, a famfon tsakar gida. Ganye yana da yawa, ruwa ba ya wucewa da sauri, ita kuma ba ta taɓa jiran kowa ba, balle roba. Abin da ya faru bayan nan ban gani ba, don haka ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Washegari hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Na ajiye littafi ina jiran kalmar. Ba ta zo ba. A maimakonta, masai ya yi wani irin gyatsa, magudanar banɗaki ta amsa masa, sai ga baƙin da muka yi shekara huɗu muna gudu sun shigo ba sallama, suka zauna har a kan shimfiɗata.

Malam Tak mai gyaran famfo ne ya duba gawar. Ya zura hannu cikin ramin, ya fito da marigayin wuyansa a karye, sannan ya sake zurawa ya fito da tsinken cin abinci na ƙarfe, ɗaya daga irin waɗanda ake riƙewa bibbiyu, mai zanen fure a gindi. An tokare masa baki da shi ne don ruwan wanki ya wuce da sauri, aka manta. Malam Tak ya ce daga yadda gaɓar ta tsage, ya yi ta ƙoƙarin rufewa a kan ƙarfen har ƙarfinsa ya ƙare.

“Ba ruwa ne ya kashe shi ba,” in ji shi. “Taimako ne.”

Na hau sama na nuna wa Iya Pyo tsinken. Ta dube shi kamar yadda ake duban ɗan wani.

“Ɗalibi,” in ji ta, don haka take kirana ko da yake na gama makaranta tun tuni, “wane gida ne a ƙasar nan babu tsinken ƙarfe?”

Gaskiya ta faɗa. Na dai lura tana cin taliya da cokali.

Marigayin ya bar littattafan da ke kan kanta ta sama. Na kanta ta ƙasa sun bi shi. Ya bar tukunyar shinkafa, wadda ta tsira don tana kan kujera, da injin tsotse laima, wanda tun ranar bai huta da kuka ba. Ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Ya bar ni. Ya kuma bar Da-som, wadda ta zo ta tsaya a matakala ta uku, hanci a toshe, ta ce har yanzu tana sona, amma kayanta ba za su sauko ba, mahaifinta ma ba zai zo ganin ɗakin ba, sai ranar da ta sake jin ƙwas da kunnenta. Na fara yi mata magana a kan ƙauna mai tsallake koguna. Ta ce wannan ba kogi ba ne.

Ofishin gunduma a shirye yake ya kawo magaji, in mai gida ta yarda. Mai gida ta ce sai bayan ta sayar da gidan a lokacin kaka. Masu hasashen yanayi kuwa sun ce akwai wani ruwan a mako mai zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a yi zaman makoki na kwana uku kamar yadda aka saba, daga safiyar Asabar, a ƙofar gida ta bakin titi, tunda ɗakin bai shiryu da karɓar baƙi ba. Za a ajiye marigayin a kan tebur tsakanin fararen furanni, da hotonsa mai baƙin ƙyalle, da tsinken a gefensa. Masu gaisuwa za su sunkuya sau biyu. Akwai miyar naman sa mai barkono, amma ba za a ba da kimchi ba, saboda halin da ake ciki. Da-som za ta tsaya a ƙofa ta yi wa duk mai tambaya cikakken bayanin aikin marigayin da abin da ya kashe shi. An shaida mana cewa a ranar Asabar ɗin ne dillali zai kawo masu son sayen gidan. Muna maraba da su, akwai kujeru. Za a kai shi makwancinsa ranar Talata, tare da sauran robobi, idan motar kwasar shara ta zo.

Ladabi ya sa na karanta wa Iya Pyo wannan sanarwa kafin in liƙa ta a ƙofa, tunda ita ce babba a gidan. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta tambaya ko lallai ne sai a bakin titi, na ce marigayin ya yi rayuwarsa a ɓoye, bai kamata ya tafi a ɓoye ba. Ta daɗe tana kallon cokalinta. Sannan ta buɗe taga ta leƙa tsakar gida, inda Malam Tak yake wanke hannu.

“Tak! Gaya wa mutanen gunduma su kawo sabon ranar Juma'a. Kai kuma ɗalibi, ka yi makokinka a cikin ɗaki. Miƙo mini tsinkena, na aurena ne.”