Otologos Ɗan Wasan Girka

Wani mutum ne a Tudun Wadan Zariya ana ce masa Sallau Bindiga. Shekararsa hamsin ba biyu, amma in ya fara ba ka labarin ƙwallayen da ya ci, sai ka rantse gola na ganinsa yake barin raga. Rannan a wasan tsofaffin 'yan ƙwallo ya ɗaga ƙafa zai buga, ƙwallo ta wuce abinta, gwiwa ta ce ƙas! Jijiya ta tsinke. Aka yi masa dashen jijiya a asibiti, likita ya ƙara da allurar ƙwayoyin halitta a wurin, ko dashen zai fi saurin kamawa.

Wata uku sai ga shi a fili, yana ɓoye ɗingishi. Wasan ƙarshe na kofin unguwanni saura mako guda, shi kuma ya ƙwallafa rai a kan rigarsa mai lamba tara.

Kyaftin Mamuda ya ce, "Bindiga, ka warke kuwa?"

Sallau ya zauna a benci, ya miƙe ƙafa. "Warkewa? Ai ni canja ni aka yi! Ƙwayoyin halittar wani ɗan wasan Girka aka zuba min. A jirgi aka kawo su, cikin ƙanƙara."

"Kai, Bindiga!"

"Wallahi gwiwar nan da kanta take harbi. Jiya na shuri bokiti, sai a gidan maƙwabta aka tsinto shi."

"To wa ye sunan ɗan wasan?"

"Otologos. Ga shi a rubuce!" Ya zaro takardar asibiti, fat! Ya ɗora yatsa a kan kalmar.

Golan ƙungiyar, Malam Ilu, shekara ashirin yana koyar da ilimin halittu a sakandare. Ya sa tabarau, ya karɓi takardar, ya bi ta layi-layi, bai yi sauri ba.

"Sallau, nan ƙasa an ce wata tara ba kai ba ƙwallo."

"Wannan na talakawan gwiwa ne. Karanta sunan mutumina!"

"Na gani. Kalmar likitoci ce. Ma'anarta, daga jikin majiyyacin aka ɗebo, aka mayar masa."

Sallau ya ce, "Daga jikin wa?"

"Naka. Kitse aka zuƙo da sirinji, aka tace ƙwayoyin. Har wurin da aka zuƙo sun rubuta."

Kyaftin ya matso. "Ina ne, Malam?"

Sallau ya yi wuf ya ce, "Malam Ilu, don girman Allah..."

Malam Ilu ya ninke takardar a hankali, ya miƙa wa Kyaftin. "Ba wa Tanimu ɗan benci lamba tara. Kai kuma Bindiga, ɗan ɗaga kaɗan mu gaisa da baƙo. Tun ɗazu a kan Otologos kake zaune."