Ƙafar Iya Ba Ta Taka Kaduna Ba

A ƙauyenmu na Unguwar Tsamiya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi ga kirki, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta, gobe ma nan za ka same shi. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tasalla, damo sarkin haƙuri, da mahaifiyarsa Iya Tabawa. Da su huɗu ne. Ta huɗun ita ce Lantana, autar Iya, mai muryar da in tana daka sai masu wucewa su rage sauri. Shekara uku ke nan da ta tafi Kaduna ta shiga ƙungiyar masu wasan kwaikwayo na waƙa da rawa. Ranar tafiyarta Iya ta tsaya a ƙofar gida, gaban jama'a, ta rantse ƙafarta ba za ta taka ƙasar garin da 'yarta ke rawa ba. Tun ranar ba su ga juna ba, kuma kowa ya san abin yana cin tsohuwar nan. Liman ya ce ta yi kaffara ta huta. Ba kaffarar ce ta gagare ta ba, a ce Tabawa ta lashe amanta, wannan ne ba za ta iya ba.

Wata rana Ɗanliti direba ya kawo saƙo daga Kaduna, tikiti uku da 'yar takarda, ya tsaya a zaure ya karanta musu. Lantana za ta fito a babban wasa ranar Asabar bayan la'asar, ita ce mai jan waƙa, kujerun kuma a layin gaba suke. A ƙarshe ta ce, "Yaya, don Allah kada ka zo ba Iya." Nomau ya daka tsalle har hularsa ta faɗa randa. Iya kuwa ta ci gaba da tankaɗe kamar da bango ake magana. Tasalla ta ce, "Maigida, ka ɓoye tikitin nan inda ba wanda zai san wurin." Nomau ya ɗaure idonsa da ɗankwali, ya yi juyi sau bakwai a tsakar gida, ya bi lalube ya cusa su wani wuri, ya ƙara juyi bakwai. Da la'asar ta tambaye shi inda ya sa.

Ya ce, "Ai ba wanda ya sani."

"Kai fa?"

"Ni ma ai mutum ne."

Aka birkice gidan nan kaf, daga rumbu har ƙarƙashin gado. Kun san wa ya gano su? Iya, wadda ta ce babu ruwanta. Ita ce ta fi kowa rarrafe, har ta zaro su daga ƙarƙashin kaza mai kwanci a cikin akurki, ta sha saran kaza a hannu. Ta miƙa wa Tasalla tana cewa ƙwai ta je dubawa.

Wata rana, Talata ce, Nomau ya je tasha ya ji yadda tafiyar Asabar za ta kasance. Ɗanliti ya ce, "Motata ba ta jiran kowa. Wanda na tarar a zaune, shi ne mai wuri." Bai rufe baki ba Nomau ya shige ya zauna. Aka je Funtuwa da shi, aka dawo da shi. Laraba aka yi lodin awaki, ya je ya dawo da bunsuru a cinya. Da yake kujerar ta katako ce, irin ta ƙari, in lokacin salla ya yi sai ya ciro ta ya tafi da abarsa masallaci, sauran fasinja su yi ta tsayuwa a rana. Ran Alhamis sai ga Ɗanliti a ƙofar gida kamar zai yi kuka. Ya ce wa Tasalla, "Baiwar Allah, zo ki sauke min mijinki. Na ba shi wurin, har abada nasa ne."

Wata rana kuma Malam Isiyaku, malamin firamare da ya yi karatu a birni, ya zaunar da shi ya koya masa ladabin kallo. Ya ce, "A can ba a surutu. Duk sanda aka gama waƙa, sai ka tafa da ƙarfi, shi ne girmamawa." Nomau ya dawo gida da ilminsa sabo fil. Maƙwabciyarsu Hansai tana da jariri mai fitar da haƙori, tun hantsi take goye da shi tana masa waƙar rarrashi. Da ƙyar ya yi barci, ta sauke murya, ta yi shiru. Sai Nomau, yana bayan zana, ya ɗaga tafukan nan nasa masu faɗin faifai ya kama tafawa, raf-raf-raf! Jariri ya tsala ihu, kaji suka watse, muciya ta tsallako zana ta same shi a goshi. Ya shigo yana shafa ƙulu, yana cewa mutanen ƙauye ba su san girmamawa ba.

Wata rana, jajiberin tafiya, Tasalla ta durƙusa gaban Iya ta roƙe ta su tafi tare. Iya ta ce, "'Yar nan, zuciyata tana can tun tuni. Ƙafar ce na rantse a kanta." Nomau yana gefe yana goge takalmi, ya ji. Sai ya ɗauko fartanya ya kama haƙa a ƙofar ɗakin Iya, ya cika daro da ƙasa. Tasalla ta gani, amma a makon nan ta gaji da tambaya.

Ran Asabar Iya ta biyo su tasha da ƙullin daddawa da kuka, wai rakiya kawai, amma ta ci atamfar da ba ta fitowa sai da salla. Ɗanliti na tayar da mota, Nomau ya sungumi tsohuwa kamar damin gero ya dire ta a kujera, ya tura ƙafafunta cikin daron ƙasa. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, sai ta kama ihu, "Kai wannan! Sauke ni, ja'iri!"

Ya ce, "Iya, ƙasar Kaduna kika ce ba za ki taka ba. Wannan ta gida ce."

Ta yi ta masifa har Zariya. Amma Ɗanliti ya rantse mana ko sau ɗaya ba ta ce a tsayar da mota ba.

A Kaduna ya goya ta tun daga bakin titi, ƙafafunta na reto, Tasalla na biye da daro a ka, kunya kamar ta kashe ta. Mai duba tikiti ya shinshina takardun ya yamutsa fuska, ya nuna daron ya ce, "Wannan fa?" Nomau ya ce, "Ƙofar ɗakin Iya ce." Dariya ta ci ƙarfin mutumin, ya matsa musu. Haka aka zaunar da Iya a layin gaba, cikin manyan mutane masu turare, ƙafa tsundum a daro.

Aka ɗaga labule. Fitilu kala-kala, kalangu da ganguna, 'yan rawa sun fi ashirin suna juyi kamar mutum ɗaya. Nomau ya saki baki har ya manta da ƙulun goshinsa. Sai ga Lantana ta fito tana waƙa. Tana tsakiyar baiti idonta ya faɗa layin gaba. Muryarta ta yi rawa kamar za ta karye, sai kuma ta tashi sama, ta cika ɗakin. Iya ta daure, ta daure, ta kasa. Ta rangaɗa guɗar da har makaɗa sai da suka waiwayo.

Ana tashi Lantana ta sauko da gudu ta zube gabanta. Iya ta kau da kai, hawaye na bin kuncinta, ta ce, "Ni fa ban zo ba. Ina ƙofar ɗakina, ga ta nan."

Lantana ta dubi daron, ta dubi yayanta. Ta cire takalmi, ta sa ƙafafunta cikin ƙasar, kusa da na uwarta.

Ta ce, "To ni na dawo. Sannu da gida, Iya."

Iya ta janyo ta jikinta ta ce, "Sannu da zuwa, auta."

Nomau ya sunkuyo kunnen matarsa ya ce, "Tasalla, wannan ba waƙa ba ce. In tafa?"

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Tafa, Maigida. Tafa da ƙarfi."